Riƙon Fazal Dad

"Kar wanda ya taɓa ni!"

Mehr Din tela ya jiyo muryar ta bayan katanga. Ya ajiye almakashi ya zagaya, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Maƙwabcinsa Fazal Dad ne yashe a tsakar gida kusa da turken ɓauna, ɗansa ya yi cirko-cirko a kansa. Mutumin da a da duk faɗin garinsu Chakwal ba mai kai bayansa ƙasa a kokawa, yau ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa.

"Chacha ji, yi masa magana," in ji ɗan, don haka yake kiran Mehr Din, wato baffa. "Abba ji ya ce ba shi ba asibiti."

Mehr Din ya tsuguna. "Yau kuma wa ya ka da kai, gwarzo?"

"Santsi ne, ɗan tsurut. Ɗaga ni. Fage za ka kai ni."

Tare aka ɗauke su soja suna samari lokacin yaƙin duniya na biyu, tare Japanawa suka kama su a Singafo. Jirgin ruwan da aka cusa fursunoni a cikinsa aka harbe shi a tsakiyar teku. Mehr Din bai iya iyo ba. Fazal Dad ya rungumi wani katako da hannu ɗaya, ɗayan ya sarƙafe shi a ƙugun Mehr Din, irin riƙon da yake yi wa abokin karawa. Rana ta gasa su, leɓɓansu suka tsattsage, na kusa da su suka riƙa sulalewa cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Shi bai saki ba. Da aka zo tsamo su, Japanawan ne dai suka tsamo su, aka kai su wani tsibiri haƙar ramuka, abincinsu ganye da ƙadangaru. A can masu gadi suka haɗa Fazal Dad kokawa da wani ƙatonsu don nishaɗi. Mehr Din ya roƙe shi ya faɗi da gangan. Ya ƙi, ya maka ƙaton da ƙasa, suka zubar masa da haƙora da gindin bindiga. Ya dawo gida fata da ƙashi, bai ƙara karawa da kowa ba, sai dai koyarwa.

A keken doki suka kai shi fagen kokawar. ’Yan kokawa suka taso jikinsu na sheƙin man mastad, kowa ya sunkuya ya taɓa gwiwarsa. Ya sa aka zaunar da shi a bakin fagen, ya damƙi jar ƙasar ya murza.

"Ta yi tauri. Wane rago ne ya kafce ta?"

Suka yi dariya, wasu na share ido.

A hanyar komawa ya jingina da kafaɗar Mehr Din, numfashinsa sama-sama.

"Ka san abin da ya hana ni sakinka a ruwan nan?"

"Ka faɗa sau dubu. Wai amana."

"Ƙarya nake yi. Hannun ne ya sage, ya ƙi buɗuwa."

"Ka ji mugu! Shekara arba’in ina yi maka ɗinki kyauta!"

Fazal Dad ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mehr Din ya riƙa shafa masa baya, yana laƙƙana masa kalmar shahada a kunne, shi kuma yana bi a hankali. Kafin dokin ya karya kwanar layinsu kan Fazal Dad ya yi nauyi a kafaɗarsa, rai ya yi halinsa.

Bayan la’asar aka shimfiɗa shi don wanka. Mehr Din ya naɗe hannun riga, ya ce shi zai yi. Ɗan ya kawo bokiti yana kuka. Tsohon ya tsoma yatsunsa a ciki, ya girgiza kai.

"Ƙaro na zafi, ɗana. Ya sha ruwan sanyi ya ishe shi."

Ya zauna a gefen gawar yana jira, tururi na tashi daga tukunyar da ke kan murhu.