Jikan Goggo a Talabijin

Duk layinsu babu wanda bai san Mai Sikeli ba, kuma babu wanda bai san cutarsa ba: ba ya yarda da abin da bai ɗaga ya ji nauyinsa ba. Shekara da shekaru ya yi yana sayen tsofaffin ƙarafa, har hannunsa ya fi sikelin da yake ratayawa a kafaɗa iya awo. Kwaɗon ƙofa, fitila, takalmi, duk sai ya jinjina su a tafin hannu kafin ya yi magana. Ko mijin babbar 'yarsa, ana raɗe-raɗin sai da ya ɗan ɗaga shi da sunan runguma kafin ya amince da shi. Talabijin ɗin falonsu ma haka ya zaɓo shi, wani tsohon akwati mai ƙusumbi a baya, wanda in za a share ƙarƙashinsa sai an roƙi maƙwabta su kama.

Matarsa, wadda kowa ke kira Goggo, idanunta sun fara janyewa. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce ganin zai ci gaba da raguwa a hankali. Manyan abubuwa tana ganinsu, ƙanana kuwa sai dai ta ji labari. A daidai wannan lokacin ne ɗansu da ke aiki can wata uwa duniya ya samu ƙaruwar ɗa namiji, ya riƙa turo bidiyon yaron a wayar Auta, 'yarsu ta ƙarshe, mai aiki a kantin magani. Goggo sai ta karɓi wayar, ta manna ta a hanci, ta yi ta sa albarka.

Ran nan Mai Sikeli yana zaune kusa da ita ya ji ta ce, "Tubarkalla! Ku ji kumatu! Wannan yaro ai ya fi ubansa haske." Ya leƙa. Babu yaro a wurin, hannun mai ɗauka ne ya goce, filon kujera ya cika fuskar wayar. Auta ta fara dariya, ta haɗiye ta da sauri. Shi bai yi dariya ba. Abin ya soke shi har ƙasan zuciya, domin a nan ne ya gane tun da aka haifi yaron nan Goggo ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, kara kawai take yi musu.

"Auta," in ji shi bayan Goggo ta shiga ɗaki, "yaron nan zai iya shiga talabijin?"

"Zai shiga mana, Baba. Amma wannan talabijin naka ba shi da kafar filashi a baya. Sai an sayo wani ɗan akwati da ake haɗawa da shi, a zuba bidiyon a filashi, a soka a jikin akwatin. Ka bari in na taso aiki in biya in sayo."

"Ke za ki zaɓo wa uwarki abin da za ta ga jikanta da shi? Ke da kika sayo mana bokitin da iska ta ɗauke?"

Washegari da hantsi, ranar hutun Auta, ya saɓa sikelinsa ya nufi shagon kayan lantarki. Shago ne matsattse, wayoyi na reto daga silin, talabijin biyar suna nuna ƙwallo ɗaya a lokaci guda. Mai shagon wani mutum ne mai sanƙo da haƙuri, ya saurari bayani, ya ce ai abu ne mai sauƙi. Ya ɗauko filashi ya ɗora masa a hannu.

Mai Sikeli ya dubi tafinsa, ya dubi mai shago. "Ka sa ne, ko za ka sa?"

"Ga shi nan a hannunka, Baba."

"Wannan? Ɗan nan, jikana fa za a zuba a ciki, ba kwarkwata ba."

Mai shago ya yi murmushi, ya fito da wata ma'ajiya baƙa mai faɗin tafin hannu, ya ce wannan tana cin fina-finai bila adadin. Mai Sikeli ya jinjina, ya taɓe baki, ya ce an ɗan matso amma da sauran tafiya. Aka kawo ɗan akwatin da Auta ta faɗa, bai wuce sabulun wanka ba, ya ce wannan in ƙadangare ya bi ta kai sai ya tafi da shi. Aka sauko da dibidi mai kafar filashi. Ya ɗauka da murna ganin faɗinsa, sai ya ji shi sakayau. Ya girgiza shi kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa bayansa, ya ce, "Wannan ai gwangwani ne ya sa riga."

Can a lungu ya hango wani baƙin abu mai hannun ɗauka da allura a goshi. Ya sunkuya ya ɗaga, ƙugunsa ya ce ƙas. Nan take fuskarsa ta washe. Ya rataya shi a sikeli, ya ga yadda sikelin ya miƙe, ya gyaɗa kai.

"Baba, wannan sitabilaiza ce," in ji mai shago. "Wuta take daidaitawa. Ba ta nuna bidiyo, ko hoto ba ta nunawa."

To, a nan ne sana'a ta cuci Mai Sikeli. A kasuwar ƙarafa, duk ranar da ka ji mai kaya yana kushe kayansa da bakinsa, to ya yi wa wani alkawarinsu ne. Shi kansa ya sha yi wa mutane haka. Sai ya kashe wa mai shago ido ɗaya, ya ce, "Na gane. Wanda ka ajiye wa, ka ba shi haƙuri." Mai shago ya rantse, ya sake rantsewa, ya kira maƙwabcinsa ya yi shaida. Duk rantsuwar da aka ƙara, sai Mai Sikeli ya ƙara tabbata ya kama kaya. Hali zanen dutse. Haka ya rungumo ta zuwa gida, yana tafe yana hutawa a gindin kowane falwaya.

Ya zaunar da Goggo a kujerar tsakiya, ya jona talabijin a jikin sitabilaiza, ya ɗora wayar Auta a kanta don yaron ya gangara ciki. Ya kunna. Allura ta motsa, abu ya kama gurnani a hankali, talabijin kuma ya ci gaba da nuna wani mutum yana bayanin takin zamani.

Goggo ta karkata kunne wajen gurnanin. "Barci yake yi ne, Malam? Ji minsharinsa, bawan Allah."

Auta ta fita tsakar gida da gudu, aka jiyo ta tana tari. Mai Sikeli ya tsaya da rimot a hannu. Da a ce Goggo ta yi masa tsiya ne, da ya san abin da zai ce, don ya saba. Amma ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya, tana jira da gaske. Kunya ta rufe shi.

"Tsohuwa, wannan ba shi ba ne. Na yi kuskuren akwati."

"To," in ji ta. "Ba komai. Ai ina jin muryarsa a waya, ya ishe ni."

Wannan "ya ishe ni" ita ta mayar da shi shago tun kafin rana ta karkata. Da ya dire sitabilaizar, mai shago ya sunkuyar da sanƙonsa yana neman wani abu a ƙarƙashin kanta, kafaɗunsa na rawa. Mai Sikeli ya karɓi ɗan akwatin nan mai kama da sabulu da filashi guda, ya cusa a aljihu ba tare da ya jinjina ba, kamar mai haɗiyar magani mai ɗaci. Amma a hanya zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Abu kamar ƙwayar wake, in ya faɗa bayan kujera fa? Sai ya biya ta rumfarsa, ya samo wani ƙaton noti na tayar babbar mota, ya ɗaure shi a wutsiyar filashin da waya.

Auta ta zuba bidiyon, ta haɗa wayoyi ja da fari da rawaya a bayan talabijin, ta soka filashi. Noti ya ja shi ya faɗo ƙasa, tim. Ta sake sokawa, ya sake faɗowa, wannan karon a kan babban yatsan Mai Sikeli.

"Baba, don Allah a kwance wannan abu."

"Ba za a kwance ba. A yi masa matashi."

Aka ɗauko gwangwanin madara aka tallafe notin. Auta ta danna rimot. Talabijin ya yi duhu, ya yi shuɗi, sai ga yaro ya cika gilashin tun daga wannan gefe har wancan. Sai dai a kwance ya fito, kansa na hagu, ƙafafunsa na dama, yana rarrafe yana hawa sama kamar tsaka a bango. Uban yaron ya juya wayar ne lokacin ɗauka. Auta ta latsa duk maɓallin da ke jikin rimot, harshen rubutun ya canza, ƙara ta ƙaru, yaro dai yana nan a kwance.

Goggo ta karkata kai, wuyanta ya ƙi. "Me nake gani haka? Kifi ne?"

"Goggo, ki ɗan kishingiɗa a doguwar kujera, sai ya daidaita," in ji Auta.

"Ni? In fara ganin jikana a kwance kamar mai jinya? Allah ya kiyaye."

Mai Sikeli ya dubi matarsa, ya dubi akwatin. Ya cire hula ya miƙa wa Auta, ya naɗe hannun riga, ya zagaya bayan tebur. Ya rungumi ƙusumbin talabijin, ya yi nishi, ya mirgina shi ya tsayar da shi a kan gefensa. Gefen kuwa a lanƙwashe yake, da ya ɗan sassauta hannu sai abu ya nemi kifewa. Dole ya tsaya a haka, ƙirjinsa manne da bayan akwatin, kumatunsa a kan ramukan da zafi ke fita.

"Baba, bari in kawo abin tokarewa."

"Ƙyale shi! Tsohuwa, matso. Ya miƙe?"

Goggo ta jawo kujera har gwiwoyinta suka taɓa tebur. Launin ya ɗan rikice saboda juyin da aka yi wa akwatin, kunnen yaron ɗaya ya koma kore, amma fuskar ta fi faranti girma. Ta ƙura wa gilashin ido ba ƙiftawa. Mai Sikeli, da ba ya ganinta daga bayan akwatin, ya tsorata.

"Tsohuwa? Ko ba ki gani?"

"Yi mini shiru, Malam." Ta ɗaga hannu ta shafa gilashin. "Ashe haka yake. Ashe yana da haƙora. Biyu, a ƙasa. Babu wanda ya gaya mini."

Shi dai ba ya ganin komai sai ƙura da dunƙulen wayoyi. Gumi ya gangaro masa cikin ido, ba hannun sharewa. "Me yake yi yanzu?"

"Ya kama ƙafar kujera, yana son tashi. Ya tashi! Kai, ya faɗi da gindi. Yana dariya, ja'iri. Ga wani ɗan rami a kumatunsa na dama in ya yi dariya."

"Sai kuma me?"

"Yana tahowa. Yana tahowa wajena, Malam."

Bidiyon ya ƙare, gilashi ya koma shuɗi. Auta ta juya baya tana goge fuska da hular ubanta. Mai Sikeli kuwa, tuni bayansa ya daina yi masa magana da lalama.

"Ka gaji?" in ji Goggo, ba ta ɗauke ido daga gilashin ba.

"Wa? Ni?" Ya gyara tsayuwa, ya ƙara matse akwatin a ƙirji. "Auta, mayar mata da shi farko."