Rijiyar Bayan Gidan Mai

Ni dai hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tun farkon damina nake cewa ruwan rijiyarmu ya canza, maigidan yana cewa warin kayansa ne ya maƙale mini a hanci. Shi ne manajan gidan man da ke jikin katangarmu, kullum rigarsa fetur take yi, don haka na yi shiru. Amma fa shirun na baki ne kawai.

Abin da ya fara tsaya mini a rai, mutumin da yake shigowa ya kwankwaɗi kofi biyu a tsaye, sai ya daina shan ruwa a gida. Wai ya sha a wurin aiki. Sannan ya tsiro da sayen ruwan gora, ya ce na Auta ne, 'yarmu, wai cikinta ba ya son na rijiya. Yarinyar da ko ƙasa ta ci ba ta taɓa gudawa ba! Na ce to ni fa, ya ce ai ni babba ce, in dinga tafasawa. Nakan tafasa ɗin, in ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman tukunya, in kwashe da ludayi in zubar.

Ana nan sai kamfanin da ke da gidan man ya turo mutane da injin haƙa, wai za su duba ƙasar wurin. Shugabarsu wata injiniya ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Na kife bokiti na hau, ina leƙe ta saman katanga. Sukan huda siminti su zaro ƙasa doguwa kamar taɓarya, su shimfiɗa, su ɗiba a kwalabe. Ta sama ja ce, ta can ƙasa kuwa baƙa ce, jiƙaƙƙiya, har inda nake ina jin warinta. Maigidan kuwa sai rawar jiki yake, ya kawo kujera, ya kawo lemo, yana ta nuna musu bakin titi. Da injin ya doso katangarmu sai ya samo dalili, yanzu wayar lantarki ce a binne, an jima bututu ne.

Ita ma injiniyar ban yarda da ita ba, na ɗauka bakinsu ɗaya. Ashe jinsa kawai take yi. Ta sa aka haƙa daf da katangarmu, aka kafa bututu. Washegari ta zura wata doguwar roba da ake ganin cikinta a bututun da igiya, ta jawo. Ruwa a ƙasa, a samansa kuma mai ya kwanta, kaurinsa ya kai yatsa. Ta ɗago ido muka haɗa ido, ta tambaya ko akwai rijiya a gidan. Kafin in buɗe baki maigidan ya ce akwai, amma ta wanki ce, ba mai sha. Na sauko daga kan bokitin a hankali.

Da la'asar suka shigo tare don ta ɗebi ruwan. Tana cika kwalba ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce tankin man da ke binne ne yake yoyo, man yana tsiyaya har ya sauka kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi kuma ruwan can ba a tsaye yake ba, gangare yake bi, gidanmu kuwa shi ne a gangaren. Na tambayi tafasawa, ta ce kada in dogara da ita. Na ce tun yaushe ke nan. Ta ce sai an gwada za a tabbatar, amma ƙasa irin wannan ba aikin jiya ba ce, duk mai zura sandar awo a tankin da safe dole ya ga man yana raguwa.

A gidan man nan mutum ɗaya ne yake zura sandar awo, ni nake wanke masa riga. Ya sosa ƙeya ya ce ai zafi ma yana sa awo ya ragu, shi bai taɓa kawo wani abu a ransa ba. Wallahi so nake in yarda. Mijina ne, kuma ban taɓa kama shi da mugunta ba.

Na shiga kicin na fito da kofi, na bi ta bakin rijiya, na durƙusa wajen guga. Sannan na kira Auta na miƙa mata, na ce ta sha tunda babanta bai san da komai ba. Kofin bai kai bakinta ba ya yi tsalle ya doke shi, ya tarwatse a tsakar gida. Yarinyar ta fashe da kuka. Injiniyar ta rufe kwalbarta, ta sunkuyar da kai.

"Ruwan gora ne, tun daga kicin na zuba," na ce masa.

Sai ya fara cewa ya yi ta kai ƙorafi, an ce za a gyara, in ya yi magana a waje aikinsa ne zai tafi. Ban tsaya jin sauran ba. Na ɗauki Auta na goge mata fuska, ni ma tawa ta jiƙe.

"Ita ka tare mata, na gode," na ce. "Ni kuwa kullum a gabanka nake sha, kana kallona."