Libarbar Hashimu

Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba maganar ta gama gari: wai libarbar da Ɗan Iya maƙeri ke ƙerawa tashi take yi da kanta. Ba sai an taɓa kunama ba, in ji su. Ta faɗi ƙasa ko ta sha rana, sai ta tashi. Shaidarsu kuwa ɗana ne, Hashimu. Cewa aka yi ya sunkuya zai tayar da injin ban-ruwa a lambunsa na albasa, can ƙasan dam ɗin Watari, bindigar ta zamo daga aljihu, ta bugi ƙasa, ta same shi a ƙirji. Ɗansa Abdulrauf kaɗai ke wurin.

Hashimu ɗan farina ne, kuma na san ba a so uwa ta kama sunan ɗan fari. Na kama yana raye, ba zan daina ba don ya mutu. Na yi koyarwa a firamare har na yi ritaya, kuma abin da na fi nanata wa yara shi ne su tambayi mai ba da labari ko da idonsa ya gani. Wannan labarin na bi shi baki-baki a tsakar gida, daga mai kawo kunu zuwa mai kawo gaisuwa, kowace sai ta ce ita ma ji ta yi.

A da, babu ruwan mutanenmu da bindiga in ba mafarauta ba. Tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa suna kora shanu, suna ɗaukar mutane, kowane magidanci ya nemi tasa. Hashimu na cikin 'yan sintiri na farko, shi ne kuma ya fara sayen libarba a wurin Ɗan Iya, sauran suka bi.

Wata safiya Abdulrauf ya shigo ɗakina, ya tsuguna a bakin ƙofa. Saurayi ne da ya isa aure, amma ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Maigidan, yau ma babu cefane?" na ce. "In ka gaji da ni ka sake ni, akwai masu so."

Da can cewa zai yi wa zai kwashi tsohuwar da ba haƙori. Ranar nan ko murmushi bai yi ba.

"Hajiya, maganar bindigar Baba ce. Akwai wani maƙeri, Tasi'u, daga can gaban Gezawa yake zuwa ranar kasuwa. Yana karɓar ƙirar Ɗan Iya ya ba da tasa. 'Yan sintiri duk sun canza. Ni ma ina so in canza, sai Liman ya ce kayan gado ce, ba a raba ba, sai kowane magaji ya yarda. Umma ta yarda. Saura ke."

"Ashe ina da sudusin bindiga. Wane gefen ne nawa, bakin ko gindin?"

"Hajiya, don Allah."

"Me ya sa ta Tasi'u ta fi?"

"Ita ba ta tashi da kanta."

"Ka gwada?"

Ya kalli ƙasa. Na ce ya kawo mini ita in gani, zan ba shi amsa kafin ranar kasuwa. Ya kawo ta a naɗe cikin tsumma, ya ajiye a gefen gadona da hannu biyu, bai yarda fatarsa ta taɓa ƙarfen ba.

Washegari na sa ta a jaka ƙarƙashin hijabi, na nufi maƙerar Ɗan Iya. Na same shi zaune, wuta a mace, toka ta yi sanyi. Ko masu kawo gyaran fartanya sun daina zuwa. An ce yara sun jefi rufin gidansa, matarsa kuma ta daina zuwa rijiya.

Da ya ga abin da na kwance, sai ya ja da baya.

"Malama, wallahi ban san..."

"Ban zo jin rantsuwa ba. Duk maƙeri zai yabi ƙirarsa. Cire mini harsasan, ka ɗana ta, ka ba ni."

Ya yi yadda na ce. Na miƙe tsaye, na sake ta daga daidai aljihun mutum ta faɗi ƙasa. Na ɗauka na duba, tana nan a ɗane. Na sake ta daga saman kaina. Na sake ta a kan uwar maƙera, ta yi ƙara ta gangara cikin toka. Na yi ta yi, ta baki, ta gindi, ta gefe, har kafaɗata ta gaji. Ba ta motsa ba. Daga nan na sa yatsa na ja kunamar. Ta ƙi. Sai da na haɗa yatsu biyu, na cije leɓe, sannan ta ce ƙas.

"Wannan ai taurinta ya yi yawa," na ce.

"Marigayi ma ya yi ƙorafi," in ji Ɗan Iya. "Ya ce in sassauta masa, ban samu na yi ba."

Ya roƙe ni in faɗa wa Maigari abin da na gani. Na ce masa abin da na gani rabi ne. In ba ita ta tashi ba, to wani ne ya tashe ta, kuma ba zan buɗe baki ba sai na san ko wane ne. Na je ne in ƙaryata mutanen gari, na kuwa ƙaryata su, amma ban ji daɗin da nake ji ba in na kama mai ƙarya.

Masu wankan gawa ba sa faɗin abin da suka gani, amana ce, ban kuma nemi su ci ta ba. Ɗakin Hussaina na shiga, matar Hashimu, tana cikin takaba, carbi a hannu.

"Hussaina, ina kayan da ya fita da su ranar?"

"Inna, me za ki yi da su?"

"Gani zan yi."

Ta buɗe akwati ta ɗauko riga ruwan toka, a ninke. Na san rigar, ni na ba shi yadin. Na warware ta a kan cinyata, na duba gaba, na duba baya, na ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Babu huda, babu tabo, sai ɗan ƙanshin albasa da bai fita ba.

"Kin wanke ta?"

"Ban taɓa ta da ruwa ba. Haka Abdulrauf ya kawo ta, a ninke. Marigayi kuwa da singileti aka shigo da shi."

"Aljihun da bindigar ta zamo daga ciki, na wace riga ne?"

Ta dube ni, ta dubi rigar. Sai ta sa fuskarta a cikin hijabi.

"Inna, na rasa miji. Ki bar mini ɗana."

Na ninke rigar yadda na same ta, na mayar akwatin da kaina.

Da la'asar na ce wa Abdulrauf ya ɗauke ni a mashin ya kai ni lambun. Ya ce hanya ba kyau, ƙafata kuma ba lafiya. Na ce ƙafata ce. Muka bi ta bakin kwatar ruwa, ta cikin shinkafar mutane da tumatir, har muka isa. Albasar ta bushe a tsaye, ba wanda ya ba ta ruwa tun ranar. Injin na nan a bakin ruwa an rufe shi da buhu.

"A nan ya faɗi?" na tambaya, ina nuna injin.

"Eh."

"To me ya sa kake kallon tsamiya?"

Tsamiyar na can ƙarshen lambun, nesa da ruwa. Na taka a hankali har gindinta. An zuba sabuwar ƙasa a wurin, an daddaɓe ta da ƙafa. Na zauna a kan saiwa.

"Zo nan, Abdulrauf. Na jefar da bindigar nan har hannuna ya gaji, ba ta tashi ba. Na ga rigarsa, babu huda. Ni na haife shi. Ba Maigari ba ce ni, ba 'yar sanda ba ce. Faɗa mini."

Sai ya shiga bukkar da suke ajiye taki, ya fito da wani ƙullin buhu, ya kwance a gabana. Rigar layu ce irin ta mafarauta, sabuwa, fatar layun ko duhu ba ta yi ba. A gefen hagu akwai huda, kewayenta ya bushe ya yi baƙi.

"Wurin Tasi'u Baba ya karɓo ta," ya ce. "Tasi'u ya ce harsashi ba ya shiga, ruwa yake zama. Baba ya ce ba zai sa 'yan sintiri su saya ba sai ya gwada a jikinsa. Ya ce in ya sa wani a waje ya gwada, gari zai ji. Na ce a rataya ta a wuyan akuya. Ya ce ba ta aiki sai a jikin mai ita. Na ce ba zan iya ba. Ya ce ni ɗansa ne ko ba ɗansa ba?"

Can nesa wani yana ta fama da injinsa, yana tari yana mutuwa.

"Wa ya ce maka ka ce faɗuwa ta yi?"

"Shi. Kafin ya cika. Ya ce in cire masa rigar, in ce bindiga ce ta tashi."

"Kuma wurin wanda ya ba shi rigar nan za ka kai bindigar ubanka, ka karɓo tasa."

"Ba laifin rigar ba ne, Hajiya. Na sami Tasi'u na gaya masa. Ya ce akwai sharaɗi, mai ita ba ya cin ɗanyar albasa. Baba kuwa ya ci da rana, a cikin kwaɗo. Da idona na gani."

"Ya faɗa wa ubanka sharaɗin kafin ya ba shi, ko sai bayan ya mutu?"

Ya sunkuyar da kai, na sake tambaya.

"Da sabuwar bindigar, har da riga zai haɗa maka?"

Ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.

Na ƙulle buhun na riƙe a hannuna. Na ce masa ban yarda a canza ba. Sudusina yana nan a cikinta, kuma muddin ina numfashi tana cikin adakata, mukullin yana wuyana. Ya ce to da me zai fita sintiri. Na ce da tocila da sanda, kamar kakansa. Ya durƙusa a gindin tsamiyar ya kifa kansa a kan gwiwata, na dafa ƙeyarsa har rana ta yi ja, sannan muka koma.

Ranar kasuwa Tasi'u ya zo, ya yi cinikinsa da waɗanda suka rage, ya tafi. Na je gidan Ɗan Iya ban san me zan ce masa ba, ko zan iya cewa komai. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce ya kwashe iyalinsa da zugazuginsa ya koma wurin ƙaninsa a Rijiyar Zaki. Har yau in aka zauna a tsakar gida ana cewa libarbarsa tashi take yi da kanta.

Libarbar ba ta tashi da kanta ba. Hashimu ya cire rigarsa ya ninke, ya sa rigar layu, ya tsaya a jikin tsamiya, ya ce wa ɗansa ya harbe shi. Ɗan ya harba.