Sista Allura da Baba Roba

Shekara talatin da ɗaya Sista Allura ta yi a ɗakin jinyar maza, kuma ba a taɓa jin ta soki mutum sau biyu ba. Ko jijiyarka ta gudu ta ɓuya a bayan ƙashi, za ta ɗan mari hannun da yatsu biyu, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, sai ka ga jijiyar ta fito kamar an kira ta cin abinci. Daga nan sunan ya samo asali. Sunanta na yanka kuwa, sai dai a katin aiki.

Da tsohuwar Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta yi ritaya, kowa ya ɗauka kujerar ta Sista ce. Har masu shara sun fara ƙara wa gaisuwarsu tsawo. Sai ga sabon tsari daga sama: babu mai hawa kujerar sai ya yi kwas na wata uku a kan shugabanci, ya kuma ci jarrabawar aiki da hannu. Dama biyu ake bayarwa. Wanda ya faɗi sau biyu, a tsallake shi a ba na bayansa. Na bayan Sista kuwa wata yarinya ce mai digiri biyu, wadda ranar da Sista ta kama aiki ko yaye ta ba a yi ba. Shekara biyu suka rage wa Sista ta ajiye aiki, kuma ta rantse ba za ta ƙare su tana cewa "To, ranki ya daɗe" ga sa'ar 'yar cikinta ba.

Kwas ɗin ta jure shi. Ta zauna a kujerar ɗalibai wadda ba ta ɗauke ta duka ba, ta ji ana cewa shugaba nagari shi ne mai yawan sauraro, ta rubuta a littafinta da kyakkyawan rubutu, ba ta yarda ba.

Jarrabawar ce matsala, saboda ba a kan mutum ake yin ta ba. A ɗakin koyarwa akwai wani majinyacin roba da ɗalibai suke kira Baba Roba. Tsawonsa na cikakken namiji, bakinsa a ɗan buɗe kamar wanda aka katse wa magana. Yana da gashin ido. Yana da farce goma cif, ba ya buƙatar yanka. Wanda ya ƙera shi har cibiya ya yi masa, alhali babu uwar da ta ɗauki cikinsa. Shekararsa tara a kan gadon nan, allurar da ya sha ta fi ta kowa a asibitin, bai warke ba, bai kuma kai ƙara ba.

Mai jarrabawar ita ce Malama Tabarau, siririya mai sanyin murya, wadda da can ɗalibar Sista ce a ɗakin maza. Aikinta ta tsaya da takardar maki, ta kuma riƙa yin magana a madadin Baba Roba.

"Sista, wannan dattijo ne mai shekara sittin, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ki duba shi, ki yi masa allura. Kina da minti takwas."

Sista ta matsa. Ta taɓa goshinsa, sanyi ƙalau. Ta kama wuyan hannu, shiru. Ta taɓa gefen wuya, ta ɗaga fatar ido, ta kara kunne a ƙirji. Sannan ta duba agogon da ke maƙale a rigarta.

"Ƙarfe goma da minti bakwai," ta ce. Ta ja zanin gado ta rufe masa fuska. "Allah ya ji ƙansa. A kira likita ya tabbatar, a sanar da 'yan uwa."

"Sista, yana da rai."

"A ina?"

"A takarda."

"To miƙo takardar in yi mata allura."

Har yau ana gardama a asibitin ko da gaske ta yi ko da gayya. Ita dai ba ta taɓa faɗa ba. Abin da aka sani shi ne ta faɗi, kuma saura dama ɗaya.

Da aka ba ta takardar makin ta duba, sai da ta nemi wuri ta zauna. Wanke hannu maki biyar. Jan labule uku. Gaida majinyaci da faɗa masa sunanka huɗu. Neman izininsa kafin a taɓa shi, maki goma. Ita allurar kanta, abin da ta ƙare ƙuruciyarta a kai, maki uku, daidai da labule.

A gida ta kwantar da maigidanta a kan doguwar kujera bayan la'asar. Tsohon direba ne, ya bar tuƙi, yanzu aikinsa sauraron rediyo da gyara wa masu labarai kuskurensu.

"Kwanta ka zama mara lafiya."

"Wace cuta?"

"Zazzaɓi. Rufe baki." Ta gyara tsayuwa. "Sannu, Baba. Sunana Sista. Ko za ka ba ni izini in taɓa ka?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Sake. Wannan gaisuwar ko mai lafiya ya ji ta sai ya kwanta."

Ta sake.

"Yanzu kuma kamar 'yan sanda sun zo kama ni. Ki ɗan yi murmushi mana."

Ta yi.

"A'a, bar murmushin. Koma yadda kike."

"Baban yara, wasa ka mai da ni?"

"Ni? Shekara talatin da biyar ina jiran ranar da za ki nemi izinina a kan wani abu. Ai sai na ji ta sau hamsin. Sake."

Mako uku suka yi suna wannan, har maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko jikin maigidan ne.

Ranar dama ta biyu, Sista ta shiga da fararen kayanta da suka sha guga. Ta wanke hannu har gwiwar hannu, tana yi tana kallon Malama Tabarau don ta tabbata an rubuta. Ta ja labule. Ta ɗan rusuna a gaban Baba Roba, ta gaishe shi, ta tambaye shi kwanan jiki, ta faɗi sunanta na yanka, wanda ita kanta sai da ya yi mata baƙo a kunne. Ta haɗa sirinji, ta ɗaga shi sama ta fitar da iska.

"Baba, zan yi maka allura a damtse. Ka yarda?"

Malama Tabarau ta duba takarda. "Ya ce bai yarda ba."

Hannun Sista ya tsaya a sama. A ɗakin maza, wanda ya ce bai yarda ba, kafin ya rufe baki an gama an manna masa auduga. Ta taɓa yi wa wani tsohon ɗan dambe allura yana tsakiyar rantsuwa cewa babu mai taɓa shi. Yanzu ga damtse a miƙe, ba ya ko motsi, ga allura a hannu. Ta ji yatsunta suna ƙaiƙayi. Ta tuna yarinyar nan mai digiri biyu. Sai ta ajiye sirinjin a faranti, ta jawo kujera ta zauna a bakin gadon.

"To, Baba. Me ya sa?"

"Ya ce yana tsoro."

"Ƙato da kai?" Ta ji biron Malama ya motsa. Ta yi gyaran murya. "Wato, tsoron me kake yi?"

Sista ta ga ta wutsiyar ido Malama Tabarau ta sauke takardar ƙasa, ba ta karantawa.

"Ya ce ba allurar yake tsoro ba. Ke yake tsoro."

"Ni."

"Ya ce kina yi wa mutane tsawa a gaban jama'a. Ya ce akwai wata ɗaliba da kika sa ta gyara gado ɗaya sau goma sha ɗaya, majinyata suna ƙirgawa da ƙarfi, har da masu tafi. Ya ce ta shiga ɗakin ajiyar zannuwa ta yi kuka, kuma ranar saura kaɗan ta haɗa kayanta ta bar karatun."

Sista ba ta juya ba. Ta zuba wa Baba Roba ido, shi kuma yana kallon rufin ɗaki da bakinsa a buɗe.

"Baba, kai da kake kwance shekara tara, ashe gulma kake tarawa. To ka tambayi wannan ɗalibar, zanin gadon da ya tattare, me yake yi wa bayan tsohon da ba ya iya juyawa?"

"Ya ce ta sani. Gyambo. Ya ce yanzu ita ma haka take koyarwa. Amma ya ce sau uku ya isa."

Sista ta yi nazari. "Sau biyar. Hannunta kamar na mai naɗe tabarma yake a lokacin."

"Ya ce huɗu."

"Albarka." Ta ja numfashi. "To, huɗu. Bakwai ɗin da suka rage kuwa, ka ce mata ba nata ba ne. Wani likita ne ya zage ni da safen nan, na rasa inda zan sauke, na sauke a kanta. Ka ce ta yi haƙuri. Kuma ka ce mata kar ta saba, ba kullum zan riƙa faɗa ba."

Malama Tabarau ta cire tabaranta tana gogewa da gefen riga, ta daɗe tana gogewa. Agogon bango ya nuna saura minti ɗaya.

"Yanzu fa, Baba? Ka yarda, ko sai na durƙusa?"

"Ya ce ya yarda." Malama ta hura wa tabaran iska. "Ya ce amma a hankali."

Kafin ta mayar da tabarau a fuska an goge damtse, an soka, an zare, an manna auduga, an jefa allurar a kwandonta. Sista ta gyara masa zani, ta ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Sannan ƙararrawa ta kaɗa.

Bayan mako guda aka manna sakamako a allon sanarwa. Ta ci. An zabge mata maki biyu, kuma a gefe an rubuta da siririn rubutu cewa ba a kiran majinyaci ƙato.

Ranar Litinin ta fito zagayen safe a matsayin Metiron, da sabon ɗamara a kugu, mai digiri biyu tana biye da ita da fayil a hannu. A gado na shida ta tarar da wata sabuwar ɗaliba ta shimfiɗa zani ya yi tudu da kwari.

"Sake."

Ɗalibar ta sake. Majinyata suka fara gyara kwanciya. Wani tsoho mai karaya a ƙafa, wanda ya saba kwanciya a ɗakin tun yana da baƙin gemu, ya ɗaga murya ya ce, "Ɗaya."

"Sake."

"Biyu," in ji ɗakin gaba ɗaya.

A na huɗu zanin bai miƙe ba tukuna. Metiron ta buɗe baki, ta rufe. Ta miƙa wa mai digiri biyu agogonta ta riƙe, ta kama gefen zanin, ta ce wa ɗalibar, "Kama can. Ja da ƙarfi, ba zai yi kuka ba. Yanzu tura ƙarƙashin katifa, ki lanƙwasa kusurwar haka." Zanin ya miƙe sumul. Ta karɓi agogonta ta wuce gado na bakwai.

Ɗalibar ta tsaya tana jiran sauran. Tsoho mai karaya ya bi Metiron da kallo, yatsunsa huɗu a sama.

"Shi ke nan?" ya tambayi na kusa da shi. "Huɗu kawai? Wallahi asibitin nan ya lalace."