Taurin Hammadi Mahauci

Hammadi mahauci ne a unguwar Nzeng-Ayong da ke Libreville, kuma ɗan tauri tun yana saurayi a Garoua. Sai ga ciwon daji ya toshe masa maƙoshi, mutumin da ya yi rayuwa cikin nama ya koma ko kunu sai da hawaye.

Matarsa Hawaou ce ta ja shi asibiti. Likitar, Dokta Rakiatou, 'yar Hausawa ce haihuwar Libreville, Hausarta duk ta cakuɗe da Faransanci.

"Baba, za mu cire maƙoshin, mu ja tumbinka sama ya maye gurbinsa," in ji ta. "Jijiya ɗaya ce tak za ta ci gaba da kai masa jini. In ta samu matsala, tumbin zai mutu. Ka kula mini da cikin nan har ranar operasiyon."

Hawaou ta riƙe maganar. Shi kuwa gogan naka abin da ya hana shi sukuni daban ne: wuƙar likita ba za ta kama shi ba, ya sha tauri. Ya samu wani tsoho a unguwar Oloumi ya ba shi makari ya sha, amma zuciyarsa ta ƙi yarda taurin ya karye. Ana jibi aiki, da hantsi, ya kira Saïdou, abokin wasan taurinsa, ya miƙa masa wuƙar fawa.

"Gwada ni."

"Malam, ka ji tsoron Allah!" Hawaou ta yi kukan kura ta riƙe hannun Saïdou. Hammadi ya hankaɗe ta, kanta ya bugi bakin randa, jini ya rufe mata ido ɗaya. Da ɗayan ta ga ya ɗage riga ya turo ciki, kamar yadda yake yi a filin wasa. Wane ciki? Fata ce kawai a kan haƙarƙari.

Saïdou ya ɗan goga a hankali. Hammadi ya ɗura masa ashar, ya sharara masa mari. Ran Saïdou ya ɓaci, ya ja wuƙar da ƙarfin da ya saba. Ta shige kamar a cikin kabewa.

Jini ya yi tsartuwa har bango. Hawaou ta cusa zaninta cikin raunin, ta danne da gwiwa, tana tsine musu su biyun. A taksi, kan hanyar asibiti, direba na ta masifa an ɓata masa kujera da jini, ita kuwa tana jin ɗumin jinin mijinta yana bin cinyarta. Tsoro da haushi suka cika ta, har ta rasa wanda ya fi.

Bayan la'asar Dokta Rakiatou ta fito, idonta jawur.

"Mama, wuƙar a kan jijiyar ta sauka. Na yi ta ƙoƙarin ɗinke ta, jini ya ƙi tsayawa. Dole na ɗaure ta, in ba haka ba da ya tafi. Tumbin nan ba zai ja sama ba kuma. Shi kuma ba shi da ƙarfin wani babban aiki. Ta roba za a riƙa ba shi abinci."

Da Hammadi ya farfaɗo, ya ga bandeji a cikinsa, sai ya yi murmushi. Ya lalubo hannun Hawaou.

"Kin gani ko? Ya karye. Je ki gaya wa yarinyar nan na shirya."