Murjanin Goggo Ramatu

Ɗangoggo wanzami yana cikin wasa aska a ƙofar gidan Almu mai hatsi sai maroƙi ya ɗaga murya: "Sunan yarinya Ramatu! Allah Ya raya Ramatu!"

Saura kaɗan ya yanke yatsa. Ramatu kuma! Tun da Bature kumandan ya tattara ya tafi aka kafa sabuwar tuta, kusan duk jaririyar da ya aske a Dakoro Ramatu ce. Ga shi matarsa Hawwa'u ta haifi mace, gobe suna. Sunan nan kuwa ya daɗe yana tanadinsa saboda goggonsa ta Sabon Maci, wadda ta raine shi. Ba ta taɓa haihuwa ba, ba a kuma taɓa yi mata takwara ba.

Ya ja Almu gefe. "Wai sunaye sun ƙare ne a duniya?"

Almu ya bushe da dariya. "Kai ka ja! Wa ya taɓa miƙa maka kai bai sha labarin goggonka ba? Yadda ta goya ka shekarar yunwa, tana ba ka fura ita tana shan ruwan tsaki. Wa zai ƙi ɗiyarsa ta ɗauko wannan hali?"

Ɗangoggo ya yi sororo. Ashe bakinsa ne ya rabar da sunan, kamar goron biki. Dama wanzami in ba surutu aska ba ta ci.

A gida ya tarar da Hawwa'u tana shan kunun kanwa. Ya rataye zabira, ya faɗa mata.

Ta ce, "To sai a sake. Nan gaba in aka kira sunan Goggo a bakin rijiya, rabin gari zai waiwayo. So kake ɗiyata ta amsa kiran kowa?"

"Na riga na aika mata ta zo ta ga takwararta."

"Takwarar da kowa ke da ita?"

Maganar ta soke shi. Abin da yake tsoro ke nan: tsohuwa ta sha hanya, ta tarar kyautar da ya yi mata ta zama gyaɗar kaka, ko'ina a zube.

Da la'asar kamyon Maraɗi, babbar motar kaya, ya sauke Goggo, da ƙwaryarta a ka da ɗan ƙunshi a hamata. Kafin ta gama shan ruwa labari ya zaga unguwa. Sai ga matar Almu da jaririyarta, sai ga wata da mai rarrafe, sai wata da mai tatata. Kan ka ce kwabo tsakar gida ta cika da goyo, wannan na kuka, waccan na jan zanen tsohuwa.

Goggo ta dubi Ɗangoggo. "Kai, mi ke nan?"

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da ya fasa tulu. Matar Almu ce ta amsa: "Takwarorinki ne, Inna. Mun kawo su gaisuwa."

"Duka?"

"Wasu ma suna gona."

Tsohuwa ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta kece da dariya, hawaye na bin kumatunta. "Ni Ramatu! Ana ce mini juya a Sabon Maci, ashe nan nake ta haihuwa ban sani ba!" Ta buɗe ƙunshinta, ta dubi 'yar rigar da ta ɗinko guda ɗaya tak, ta harari ɗanta. "Ɗan banza, da ka faɗa mini ai da na yi shiri. Takwara ba ta zuwa gaisuwa ta koma hannu wofi. Ba ni askarka."

Ta cire murjanin wuyanta, wanda tun Ɗangoggo yana goye yake wasa da shi, ta datse ƙullin. Kowace Ramatu ta sami ƙwaya ɗaya, har waɗanda ke gona aka ajiye musu. Da ta gama, zare kaɗai ya rage a hannunta, ya yi baƙi don daɗewa.

Hawwa'u ta leƙo daga ɗaki da jaririya. "To, Goggo, ta gida fa? Ko don ba a raɗa mata ba tukuna?"

Ɗangoggo ya dubi matarsa, ta kau da kai tana murmushi. Ya san an gama magana.

Goggo ta karɓi yarinyar, ta naɗa mata zaren a hannu, ta ƙulle da haƙori.

Ta ce, "Murjani a kasuwar Maraɗi aka saye shi. Wannan kuwa uwata ce ta kaɗa shi da hannunta. Gobe ka gaya wa maroƙin nan ya buɗe murya sosai, kunnena ya yi nauyi."