Ruwan Shuwakar Goggo

Tun ranar da aka ce Tela yana da ciwon sukari, matarsa Goggo ta daina barci mai nauyi. 'Ya'ya duk sun yi aure sun watse, daga ita sai shi a gidan, kuma ta rantse ciwon nan ba zai raba ta da tsohonta tana kallo ba. Ta samo reshen shuwaka wurin wata ƙawarta, ta soka shi a bayan ɗakin girki, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Shuwaka kuwa ba ta da wuyar sha'ani. Kafin shekara ta zagayo ta fi Goggo tsayi, ta yi rassa jingim, ganyen kore shar a sama, bayansa fari-fari mai laushi. In ta fitar da ƙananan furanninta, ƙudan zuma ba sa barin kowa ya yi shanya a wurin.

Goggo ba ta tsinkar ganye da ka. Toho bai yi ƙarfi ba, na ƙasa ya fara rawaya, don haka na tsakiya take zaɓa. Ta wanke, ta murza a roba har ya yi kumfa, ta zubar da ruwan farko saboda ya cika kaifi, ta tace na biyu a kofi. Sai ta zauna kusa da shi a kan tabarma.

"Malam, shanye."

"Goggo, wai me na yi miki a duniya?"

"Shayin da ka yi ta sha kamar zuma, shi ka yi mini. Kada ka bar ko ɗigo."

Yakan shanye, ya yamutsa fuska, ya ce ko maƙiyinsa ba zai yi wa haka ba, ita kuma ta yi ta dariya. Maganin asibiti kuwa ta ce ba a gidanta ba, don ta ji a bakin mata cewa ƙwayoyin nan ƙoda suke ci. Tela ya ce to. Mutumin nan bai iya musu ba, kowa ya zo da magana to yake ce masa, amma Goggo ta ɗauki wannan to ɗin ta rungume.

Ana nan sai ta lura hannunsa na rawa in zai zura zare a allura. Gumi na karyo masa da hantsi, ga saurin fushi, shi da ko kaza ba ya yi wa tsawa. Hankalinta ya tashi. Ta ce lallai sukarin ne ya hau, maganin ya yi masa sanyi. Washegari ba ta zubar da ruwan farko ba, shi ta tace, ta cika kofi taf. Ɗacin ya kashe masa baki, ya ture abin kari ya tafi shago da ciki wayam.

Kafin azahar mai gyaran takalma da ke maƙwabtaka da shagon ya shigo gidan babu sallama. Ya ce Tela ya kife a kan keken ɗinki, an wuce da shi asibiti. Goggo ba ta san da takalmi ɗaya ta fita ba.

Ta same shi kwance, an sa masa ruwa a hannu, ya buɗe ido amma ya yi laushi. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi autarsu ba. Ta ce sukarinsa ne ya faɗi ƙasa warwas, da an yi jinkiri da labari ya sha bamban.

"Baba, bayan ƙwayar da muke ba ka, me kake sha?"

Goggo ta ce, "Wace ƙwaya?"

Tela ya kafa wa silin ido. Can da ƙyar ya ce tana cikin gwangwanin maɓallai a shago, kullum yana haɗiya da ya isa.

Likitar ta juya. "Mama, ke kuma me kike ba shi?"

Goggo ta faɗa mata komai, har batun ruwan farko. Ta ce, "'Yata, gaya mini gaskiya. Guba na shuka a gidana?"

"Ba guba ba ce, Mama. Amma ganyen yana iya sauke sukari, ƙwayar ma aikinta ke nan. Kin ja, mun ja, ga shi bai ci komai ba. Rawar hannun da gumin nan alamar sauka ce, ba ta hawa ba. Da na san da ganyen, da na lissafa da shi. A ajiye shi tukuna, kuma duk abin da zai sha a gaya mini."

Da likitar ta fita, Goggo ta zauna a bakin gado. Haushi take ji, da kunya, da tsoro. Ita da ta tashi tsare shi, ita ce ta kusa kai shi. Ta kasa kallonsa.

"Ka ɓoye mini ƙwaya, ka ɓoye wa likita ganye. Tsofai-tsofai da kai, Malam. Me ya hana ka buɗe baki ka ce maganin asibiti na yi maka aiki?"

Tela ya juyo ya dube ta. Sannan ya laluba ya kama bakin mayafinta da hannun da babu allura.

"In na faɗa, daina ba ni za ki yi. Ni kuma tun da yaran nan suka tafi, kina ta hidimarki, ina ta ɗinkina. Lokacin shan ɗacin nan ne kaɗai kike zama kusa da ni."

Goggo ta buɗe baki za ta yi faɗa. Hawaye ne suka zo, ta share su da bayan hannu.

"Kai dai an yi sakaran tsoho," ta ce. "Matsa can in zauna da kyau."

Ya matsa da ƙyar, ta gyara zama, ta riƙe hannunsa.